Yadda mazaunin Abuja zai shirya yawon jirgin ruwa a mahaɗar Neja da Binuwai

Duk mai bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja ya san gadar Murtala da ke Jamata. A kan leƙa ta tagar mota, a ga faɗin kogin Neja, a ce Allahu Akbar, a wuce. Shekaru na yi ina haka. Sai bara na tsaya, na ɗauki shatar jirgi da iyalina, muka je har inda Binuwai ya shigo ya haɗu da shi a Lakwaja. Tun daga nan maƙwabtana a Kubwa ke tambayata yadda muka yi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Fara da zaɓen wata. Ruwa yana cika maƙil a Satumba da Oktoba, lokacin da damina ta gama zubowa, kuma galibi a wannan tsakanin ne Kamaru ke sakin ruwan madatsar Lagdo cikin Binuwai. A 2012 da 2022 ambaliya ta yanke hanyar kanta, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Wannan ba lokacin yawo da yara ba ne. Daga Maris zuwa Mayu kuwa ruwa ya ja baya, tudun yashi ya fito ko'ina, ga zafin Lakwaja da ba a ba yaro labari. A ganina Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: kogi ya lafa, akwai ruwa isasshe, hazo bai yi kaurin da zai rufe wa matuƙi ido ba.

Idan a gidan akwai wanda bai taɓa taka jirgi ba, kai shi tafkin Jabi tukuna, a yi zagaye ɗaya. A nan za ka gane mai jiri da mai firgita, tun ba a je babban ruwa ba.

Ranar tafiya a fita bayan sallar asuba. Kusan kilomita 200 ne, ta Gwagwalada, Kwali, Abaji da Koton Ƙarfe. Ka lissafa ka isa da hantsi, ku shiga ruwa kafin azahar, ku fito kafin la'asar ta yi sanyi.

To, a bakin ruwa ne aikin yake, kuma a nan nake roƙonka ka yi a hankali. Kada ka bi yaron da ya fara tarbar motarka. Tambayi shugabannin masu jirgi na mashayar, ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce shata kake so ta iyali, a haɗa ka da dattijon matuƙi. Nufawa da Kakanda sun gaji wannan ruwa kaka da kakanni, kuma Hausa za ta yi maka ciniki ba tare da tafinta ba. Ka guji jirgin fito na 'yan kasuwa, wanda ake loda wa buhuna da babura da mutane har sai bakinsa ya kusa shan ruwa. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, jirgi ya kife cikin dare da mutanen da ke dawowa daga biki, sama da 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Lodi ya yi yawa, ga duhu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya ga duk wanda zai hau.

Kafin ka yi maganar kuɗi, duba jirgin da idonka. Leƙa cikinsa. Kowane jirgin katako yana da yankakkiyar jarka ta kwashe ruwa, wannan ba aibu ba ne. Amma idan jirgi yana ɗaure a gaɓa, babu kowa a ciki, yaron jirgi kuma sai faman kwalfa yake yi, ka nemi wani. Duba ko akwai filafili da doguwar gora, saboda ranar da inji ya mutu. Ka ce a tayar da injin a gabanka, a nuna maka man da zai kai ku ya dawo da ku har da rara. Na tambayi namu matuƙin, "Baba, mutum nawa yake ɗauka?" Ya ce, "Sha biyu, Alhaji." Mu bakwai ne, na ce ba za a ƙara mana ko mutum ɗaya a hanya ba, ya amince. Kuɗin shata yana bin farashin fetur, don haka ku yanka tun a tudu: ina da ina za a je, awa nawa. Ba da rabi, sauran in an dawo.

Sai riga. A ƙirga ta da kan kowa, har matuƙi. Ja igiyoyin ka ji ko sun ruɓe, ka datse maɓallan ka ji ƙararsu. Ga yaro, ɗaura masa, sannan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama: idan ta zame ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa girma, a cikin ruwa za ta fice ta bar shi. Masu jirgi ba kasafai suke da ta yara ba, ni na sayi tawa tun daga Abuja. Maza a bar babbar riga a mota. Mata a ɗaura rigar a kan hijabi, a tattare gefensa, kada ya yi kusa da inji.

Wajen shiga, ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna inda matuƙi ya nuna, manya su raba nauyi dama da hagu. Ku karanta addu'ar Annabi Nuhu da ke cikin Suratu Hud: Bismillahi majreha wa mursaha. Da an tashi, babu mai miƙewa don ɗaukar hoto, babu taruwa gefe guda don kallon abu. Waya a leda, a ƙulle. Idan za ku ƙara yawo, ka ce a fara haurawa sama. Ko inji ya ba da matsala, ruwa da kansa zai gangaro da ku wajen gari.

A mahaɗar, roƙi matuƙi ya rage wuta. Ruwan da ke hannu ɗaya ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya wuce Yamai, kogin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Na ɗaya hannun daga tudun Adamawa na Kamaru yake, ta Garwa da Yola da Makurɗi. Ranar da muka je, launinsu bai zo ɗaya ba, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Autata ta miƙa hannu za ta taɓa, uwarta ta riƙe ta ta bayan riga. Daga nan in ka waiwaya za ka ga Dutsen Patti ya yi wa garin rumfa. Kada ka bar yara su yi wanka a ruwan gefe mai kwanciya, nan ake ɗaukar tsargiya, yaro ya dawo gida yana fitsarin jini.

Idan kun sauka, cika wa Baba kuɗinsa, ka ɗan ƙara wa yaron jirgi na goro. Sayi bandar tarwaɗa wajen matan bakin ruwa don tsaraba. In da sauran rana, tambayi mutanen gari su nuna maka kabarin Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka tsare bayan cin Kano a 1903, ya rasu a nan a 1926. Ku yi masa addu'a. Idan kuwa magariba ta kusa, ku kwana a garin, a kama hanyar Abuja da safe.