Yadda za ku zaɓi garin da za ku je hutu kai da madam

Idan hutu ya faɗo Juma'a ko Litinin, irin na Ista ko Mauludi in ya dace da ƙarshen mako, to kwana uku ne ko huɗu a hannunku, kuma abu na farko da za ku cire daga lissafi shi ne duk garin da kuke da dangi. Da gaske nake. Ka ɗauki madam ku tafi Kaduna alhali gwaggonka tana Tudun Wada kawunta yana Unguwar Rimi, wallahi ba hutu kuka je ba gaishe-gaishe kuka je, nan a ce sai kun tsaya kun ci tuwo, can a ce ai ba ku je barkar wance ba, kafin ku ankara Lahadi ta yi, in kuma aka ji a otal kuka sauka shi ma abin magana ne. Zumunci a ware masa ranarsa daban.

Sai maganar hanya. Ni a ganina duk garin da zai ci muku sama da awa biyar a mota ku bar shi sai babban hutu, domin zuwa kwana ɗaya dawowa kwana ɗaya, me ya rage? Mutumin Kaduna Abuja ta fi masa sauƙi, ku hau jirgin ƙasa a Rigasa ku sauka Kubwa ko Idu awa biyu da ɗoriya, amma a sayi tikiti da wuri don lokacin hutu ƙarewa yake. Daga Kano kuma Bauchi ba ta da nisa sosai, wajen kilomita 300. Legas in ba jirgin sama za ku hau ba a manta da ita, ko kun je ma gosulo zai cinye rabin hutun. Kuma a fita da sassafe, kafin ranar a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, sun fi kowa sani.

Ku duba watan da za ku je ma. A Maris da Afrilu lokacin da ko fanka iska mai zafi take hurowa Jos ce amsa, garin yana kan tudu wajen mita 1,200 shi ya sa da yamma har sai ka nemi rigar sanyi, ga gidan tarihinsu da aka buɗe tun 1952, ga duwatsun Shere, ga sabon kayan lambu da dankalin turawa da za ku ciko but da shi. Amma a Disamba sanyin Jos ba wasa ba ne, in madam ba ta jure sanyi kar ka kai ta ta yi ta mura. Bauchi kuwa da rani ta fi daɗi, ku kwana a gari ku ci masar Bauchi da safe sannan ku wuce gandun dajin Yankari, lokacin ciyawa ta bushe dabbobi suna gangarowa bakin kogin Gaji ana ganinsu, ruwan Wikki kuma da ɗuminsa dare da rana.

Oga ka tambaye ta me take so tun kafin ka kama ɗaki. Wata burinta kawai ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba, a kawo abinci ɗaki, da yamma a zaga Millennium Park ko bakin tafkin Jabi a sayi kilishi a Area 1, wannan Abuja ce tata sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Wata kuma kasuwa take so, to Kano, ga Kurmi ga marinar Ƙofar Mata ga Gidan Makama, ku hau Dala da sanyin safiya, amma in kuka shiga Kantin Kwari ka riƙe katinka da kyau. In don hawan Sallah za ku je ku tabbatar za a yi, a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi. Ke ma uwargida ki faɗi gaskiya, ba ki ce duk inda ka zaɓa ya yi ba sannan a je ki yi ta kumbure-kumbure.

Otal kar ku yarda da hoto kaɗai. Kira su ka tambaya janareto zuwa ƙarfe nawa yake kaiwa, akwai ruwan zafi, da karin kumallo a cikin kuɗin ko babu, kuma akwai wurin biki a harabar? Don in ana dina a ƙasan tagarku daren Asabar babu barci. A ware kuɗin mai da na tsaraba daban, yara a san wa za a bar wa tun ana saura mako, mai mata fiye da ɗaya kuma ya daidaita rabon kwana kafin ya tayar da mota.