Kurakuran da muke yi idan mutum ya ɓace, da yadda za a gyara su

Cikin daren 1 ga Agusta, wayewar 2 ga wata, 2019, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka tare Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, daidai lokacin da yake shiga gidansa da mota a unguwar Barnawa ta Kaduna. Suka tafi da shi a cikin motar tasa. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗan Kwankwasiyya, mai zafin alƙalami wajen sukar masu mulki a Twitter. Hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta ce ba ya hannunta, gwamnatin Kaduna ta wancan lokaci ita ma ta ce babu hannunta, kuma ba a ji labarin neman kuɗin fansa ba. Ƙungiyar Amnesty International ta sha kiran gwamnati ta binciko inda yake.

Abin da aka tabbatar ke nan, bai cika rabin shafi ba. Amma abin da aka rubuta a kansa a Facebook da X da zaurukan WhatsApp ya isa a ɗaure littattafai. Akasarin masu rubutun ba mugaye ba ne, abin ne yake ci musu rai, don shiru a kan mutumin da aka ɗauke a ƙofar gidansa ba abu ne da zuciya ke jurewa ba. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna, kuma kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne, a Kaduna ko a Ingila.

Haɗa abin da aka sani da abin da aka ji

Wannan shi ne tushen sauran. Mutum zai fara da "an ɗauke shi a Barnawa", wanda gaskiya ne, ya bi da "an ce an gan shi a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Abuja", ya rufe da "wani na jikin jami'an tsaro ya tabbatar min". Duk cikin murya ɗaya. Mai karatu na biyu zai kwafa ya zubar da "an ce". Na uku zai ƙara suna. Kafin sati ya zagayo maganar ta dawo wa wanda ya ƙirƙire ta, ya ce ai ga shi wasu ma sun faɗa.

Gyaran ba shi da wuya, yana dai buƙatar haƙuri. Kafin ka rubuta, raba maganarka gida uku: abin da iyali ko hukuma ko jaridar da ke da adireshi suka faɗa da sunansu, abin da kake tsammani, da abin da kawai ya iso kunnenka. Na farko ka faɗe shi, ka faɗi wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Na biyu ka sa masa alama ƙarara cewa tunaninka ne. Na ukun kuwa ka riƙe shi, in kana ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki ka kai wa lauyan iyalin ko mai bincike. Idan aka ce maka "majiya mai tushe", tambayi tushen. Mafi yawan lokaci za ka tarar tushen wani saƙon murya ne da aka tura sau ɗari.

Mai da dalili ya zama shaida

A nan batun Dadiyata ya fi shan wahala. Tunda yana sukar wane, to wane ne ya sa aka ɗauke shi. "Ai ruwa ba ya tsami banza," in ji masu sharhi. Gaskiya ne mai bincike na ƙwarai yana fara tambayar wa ke jin haushin mutumin nan, wa zai amfana in ya yi shiru. Amma wannan mafarin aiki ne. Mutumin da ya soki 'yan siyasa goma ya bar mutum goma masu dalili, kuma dalili bai nuna wa ya aika mota ba. Haka nan baƙar magana da wani ya taɓa yi a kansa a intanet tana nuna ƙiyayya ko rashin tarbiyya, ta kuma isa a kira mai ita a yi masa tambayoyi, amma ba ta isa a yanke masa hukunci ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma kowa ya ga yana faruwa. Zargin yana bin jam'iyya. Wanda jiya yake rantsuwa cewa daga Kaduna umarnin ya fito, yau da ubangidansa ya sauya sheƙa ya koma nuna Kano da yatsa, wani kuma ya yi akasin haka. Babu sabuwar hujjar da ta bayyana tsakanin jiya da yau, ƙawancen siyasa ne kawai ya motsa. Duk wanda ke son ya gwada kansa, ya tambayi zuciyarsa: da wanda nake zargi ɗan jam'iyyarmu ne, wannan hujjar za ta gamsar da ni? In amsar a'a ce, to ba Dadiyata kake nema ba, sanda kake nema ta dukan abokin hamayya.

Ba ina cewa a yi shiru ba ne. A ganina tambayar "Ina Dadiyata?" ta fi kowace amsar shaci-faɗi ƙarfi, domin tambaya ce da gwamnati ba ta da hanyar kauce mata. Ko jami'anta ne suka ɗauke shi ko ba su ba ne, nemo shi aikinta ne. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare mutane daga ɓatarwar dole tun 2009, kuma yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasa nauyin bincike da sanar da iyali sakamakonsa. Don haka a juya zafin zuwa tambayoyin da ke da amsa a cikin fayil: wane ofishi ke riƙe da binciken? An bi sawun motar? An nemi bayanan layukan wayarsa daga kamfanonin sadarwa? Su wa aka yi wa tambayoyi? Yaushe aka yi wa iyalinsa bayani na ƙarshe? Idan ka ce "wane ne ya sace shi", sai wane ya fitar da sanarwar musantawa, magoya baya su kama cacar baki, maganar ta tashi daga mutumin da ya ɓace ta koma kan mutuncin ɗan siyasa. Idan ka ce "ina rahoton bincike?", babu wanda zai kai ka kotu, kuma babu sanarwar da za ta goge tambayar. Ranar 30 ga Agusta ta kowace shekara rana ce ta duniya ta tunawa da waɗanda aka ɓatar, lokaci ne mai kyau na maimaita ta.

Karanta laifi a fuska

"Dubi idonta, ko hawaye babu." Wannan hukuncin aka yi wa mahaifiyar Madeleine McCann, yarinyar Ingila 'yar kusan shekara 4 da ta ɓace a garin Praia da Luz na ƙasar Fotugal ranar 3 ga Mayu, 2007. 'Yan sandan Fotugal sun sa iyayen cikin waɗanda ake zargi a Satumbar shekarar, suka kuma janye zargin a Yulin 2008. A Maris ɗin 2008 kamfanin jaridun Express ya nemi afuwarsu a shafin farko, ya biya fam 550,000 saboda ƙazafi. Har yau ba a ga yarinyar ba, har yau kuma akwai masu tsayar da bidiyon iyayen suna ƙirga ƙiftawar idonsu.

Mu nan gida muna da darasin ta ɗaya gefen. Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5, an sace ta a Kano a Disambar 2021. Wanda ya sace ta ya kashe ta shi ne mai makarantar da take karatu, Abdulmalik Tanko, wanda rahotannin jaridu suka ce yana cikin waɗanda suka je yi wa iyayenta jaje. An kama shi ne a Janairun 2022 wajen ƙoƙarin karɓar kuɗin fansa, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin shekarar. Mai jaje ya zama mai laifi, mai busasshen ido ta zama wadda aka zalunta. Wani in tashin hankali ya same shi kuka yake yi, wani daskarewa yake yi, wani ma surutu yake ta yi kamar ba abin da ya faru. Kada ka gina komai a kan fuska.

Kama suna, da haɗa hoto da hoto

Sunil Tripathi ɗalibi ne a Jami'ar Brown ta Amurka, ya ɓace a tsakiyar Maris 2013. Da bama-bamai suka tashi a gasar gudu ta Boston ranar 15 ga Afrilu, wasu a shafin Reddit da Twitter suka ɗora hotonsa kusa da hoton ɗaya daga cikin waɗanda ake nema, suka ce shi ne. Iyalin da suka yi wata guda suna neman ɗansu suka kwana cikin zagi da kiran 'yan jarida. Ba shi ba ne. An tsinci gawarsa a kogi ranar 23 ga Afrilu, kuma ya rasu tun kafin harin. Reddit ya nemi afuwa, amma bayan an gama ɓarnar.

A Amurka abin ya tsaya a zagi. A ƙasarmu kalmar "ɓarawon yara" ko "mai garkuwa" tana iya tara jama'a da duwatsu da fetur cikin minti goma. A Maris 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zargin da babu wanda ya tsaya tantancewa. Saboda haka ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: kada ka sa sunan wani ko hotonsa ko lambar motarsa a bainar jama'a a matsayin wanda ake zargi, sai in hukuma ce ta fitar. Hoton da aka turo maka ana cewa "ga shi an gan shi", saka shi a Google Lens, manhajar binciken asalin hoto, ka ga ko tsoho ne daga wata ƙasa. Yanzu da ake haɗa hoto da murya da kwamfuta, ko gani ma bai kori ji ba.

Kada kuma a yi tururuwa zuwa wurin. Lokacin da Nicola Bulley ta ɓace a bakin kogin Wyre a Ingila a Janairun 2023, masu ɗaukar bidiyon TikTok sun cika ƙauyen suna leƙa gidajen mutane, har 'yan sanda suka ba da umarnin korar su. Bayan sati uku aka ga gawarta a kogin, bincike ya nuna faɗawa ta yi bisa tsautsayi.

Binne mutum da baki

Lokaci-lokaci sai ka ga an sa hoton Dadiyata an rubuta "Allah ya jiƙansa". Wa ya gaya maka? Addu'a ce, amma tana ɗauke da labarin da ba ka da shi, kuma matarsa da 'ya'yansa suna da waya su ma. Shari'a ba ta yi wannan gaggawar ba. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, a ba ta shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba. Dokar shaida ta Najeriya ita ma sai an yi shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba take ba da damar ɗaukar cewa ya mutu, kuma kotu ce ke faɗa. A Oktoban 2019 'yan sanda suka dawo da yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Onitsha, wasu bayan shekaru, an sauya musu suna. Addu'ar da ta dace ita ce "Allah ya bayyana shi."

Abin da ya kamata a yi a kwanakin farko

Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da rajistar fiye da mutum 20,000 da suka ɓace a Najeriya, mafi yawansu saboda rikicin Arewa maso Gabas. Waɗannan ba su da dubban mabiya a X. Idan abin ya faɗo a unguwarku, kada a zauna jiran kwana ya cika, a je ofishin 'yan sanda nan take, a tabbatar an rubuta, a sanar da mai unguwa, a zagaya asibitoci da tashoshin mota. Mutum ɗaya a dangi ya riƙe littafi yana rubuta wa ya gan shi na ƙarshe, a ina, da ƙarfe nawa, sanye da me, domin bayan kwana uku ƙwaƙwalwa kan fara cakuɗa abin da ido ya gani da abin da aka ji a majalisa.

Kafin ka watsa cigiya ka nemi izinin iyalin. Wani lokaci ana cikin ciniki da masu garkuwa, hayaniya sai ta ƙara kuɗi ko ta jefa wanda aka kama cikin haɗari. Lambar waya ɗaya ta isa, kuma a shirya wa 'yan damfara, don da zarar lamba ta fita za a samu mai kira ya ce yaron yana hannunsa a tura kuɗi. A ce ya ba shi waya a ji muryarsa, ko a yi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Haka masu duba da za su ce yana gabas, wata mace ce a dangi ta sa hannu: sun raba zumunci da yawa da irin wannan magana, ga kuɗin da ya kamata a kashe a mota da cigiyar rediyo sun tafi.

Idan kuma aka ga mutumin, a raye ko akasin haka, koma ka goge cigiyar, ko ka gyara ta a rubuta cewa an gan shi. Akwai hotunan yara da suka koma gida shekaru da suka wuce amma har yanzu suna yawo a WhatsApp, ana kiran iyayensu cikin dare ana tambayar ko an dace.