Yadda nake rage tsamin ƙasa a gonata

In ka ga masara tana tsumburewa duk da buhunan yuriya da kake zuba mata, ka zargi tsamin ƙasa. Yawan takin zamani shekara da shekaru shi ke jawo shi.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban a gonar, zurfin kamar taƙi ɗaya, ka gauraya, ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a auna. In awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya gaza 5.5, tsamin ya yi yawa kuma gonar na bukatar farar ƙasa ta noma (lime), kuma su za su faɗa maka adadin.

Ni da rani nake watsa garin farar ƙasar, in bi da garma ta shige ciki, don ba ta aiki sosai in tana kwance a sama. Sai bayan sati uku ko huɗu nake kai kashin shanu, wanda ya ruɓe sosai har ya daina zafi a hannu. Kada ka haɗa su rana ɗaya, ƙarfin takin zai bi iska. In na kaji ne, rage hannu, yana ƙona shuka.

Wanda aljihunsa bai kai farar ƙasa ba, ya tara tokar murhu, tana ɗan taimakawa.