Babi na Shida: Rubuta Takardar Yarjejeniyar Tawagar Aiki

A wurin aiki, shugaba kan zaɓi mutum biyar ko shida ya ce musu, "Ku haɗu ku yi mana aiki kaza." Waɗannan mutane su ne tawagar aiki. Kafin su taɓa komai, ana so su zauna wuri ɗaya su rubuta takarda wadda za ta faɗi aikin da aka ba su, da wanda zai yi kowane ɓangare, da ranar gamawa, da yadda za su yi idan ra'ayi ya saɓa. Ita ce takardar yarjejeniyar tawaga. Shafi ɗaya ko biyu ya ishe ta.

'Yan'uwa ɗalibai, kada wani ya ce wannan aikin masu digiri ne. Wanda ya iya rubuta sunansa da kwanan wata, ya kuma iya jera kalmomi goma su ba da ma'ana, zai iya rubuta ta. Za mu bi ta sannu a hankali.

Ku tanadi farar takarda guda biyu, da fensir, da abin gogewa, da rula, da biro. Da fensir za mu fara, domin za a yi ta gogewa. Biro sai a ƙarshe.

Darasi na 1: Kan takarda

Ku ajiye takardar a tsaye, tsawonta ya nufi sama. A can sama, a tsakiya, ku rubuta da manyan baƙaƙe: YARJEJENIYAR TAWAGA. Ku sauko layi ɗaya ku rubuta sunan aikin. A wannan babi za mu yi misali da aikin tsara sito, wato ɗakin ajiyar kaya na ma'aikata. Sai ku rubuta: Aikin Tsara Sito.

Ku sake saukowa layi ɗaya ku rubuta kwanan watan da kuka zauna. Ku rubuta sunan watan da baƙaƙe, kamar haka: 5 ga Maris, sannan shekara. Kada ku rubuta 5/3 kawai. A Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, don haka wanda ya saba da tsarinsu zai karanta 5/3 a matsayin 3 ga Mayu.

Ƙarƙashin haka ku jera sunayen 'yan tawaga. Kowane suna da layinsa, cikakken suna, sannan aikin da mutumin yake yi a ma'aikatar. Layin ƙarshe na shugaban da ya kafa tawagar ne, domin wurinsa za ku koma idan kuna neman kuɗi, ko kayan aiki, ko ƙarin lokaci.

Darasi na 2: Me aka ce mu yi?

Ku rubuta MANUFA a gefen hagu, ku ja layi a ƙarƙashinta. Nan za ku faɗi aikin cikin jimla ɗaya ko biyu.

Yawancin ɗalibai kan rubuta: "Mu gyara sito." Ba laifi a matsayin farawa, amma ku tambayi kanku, wane irin gyara? Shara? Fenti? Ƙirga kaya? Mutum shida za su karanta wannan jimla, kowa ya tafi da tasa fahimtar. Ga yadda ya fi:

"Za mu ƙirga duk kayan da ke sito, mu liƙa wa kowace kanta lamba, mu shigar da lissafin cikin kwamfuta kafin 30 ga Yuni."

Ranar 30 ga Yuni kowa zai iya shiga sito ya duba da idonsa ko an yi ko ba a yi ba. A shekarar 1981 wani masanin harkar gudanarwa a Amurka, George Doran, ya kawo sharuɗɗa biyar na manufa mai kyau: a fayyace ta, a iya auna ta, a san wanda zai yi ta, ta zama mai yiwuwa, a kuma sa mata lokaci. Ku riƙe na uku da na biyar da kyau, domin su ne darasi mai zuwa.

Saura abu ɗaya. Ku rubuta ABIN DA BA NAMU BA, ku jera abu biyu ko uku. Misali: "Ba za mu sayi sabon kaya ba. Ba za mu gyara rufin sito ba." Wannan layi shi zai cece ku ranar da wani ya leƙo ya ce, "Tunda kuna ciki, ku haɗa har da kaza."

Darasi na 3: Aiki, suna, rana

Wannan darasi shi ne zuciyar takardar, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Kada ku yi sauri.

Ku ɗauki rula. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, takardar ta rabu gida uku. Gidan hagu ya fi sauran faɗi. A saman gidan hagu ku rubuta AIKI. A saman na tsakiya ku rubuta SUNA. A saman na dama ku rubuta RANA.

Yanzu ku kakkarya babban aikin zuwa ƙanana, kowane ƙaramin aiki da layinsa. Na sa Wane da Wance a madadin sunaye, ku kuma ku sa sunayen mutanenku na gaskiya.

Ƙirga kayan kanta ta 1 zuwa ta 10. Wane. 12 ga Mayu.
Rubuta lambobi da liƙa su. Wance. 26 ga Mayu.
Shigar da lissafi cikin kwamfuta. Wane na biyu. 20 ga Yuni.

Ku sa yatsa a layin farko. Aiki nawa ne? Ɗaya. Suna nawa? Ɗaya. Rana nawa? Ɗaya. Ku sauko layi na biyu ku sake yin tambayoyin nan uku. Haka za ku bi kowane layi har ƙasa.

Ga inda matsalar take. Idan aka zo gidan SUNA, hannu kan tsaya. Sai in ga an rubuta "mu duka". Wani ya rubuta "kowa". Wata ta rubuta "duk wanda ya samu dama". "Mu duka" ba sunan mutum ba ne. Ranar 12 ga Mayu, idan shugaba ya tambaya ina ƙirgar kaya, ba wanda zai juyo don an kira "mu duka". Wane ya ɗauka Wance ta yi, Wance ta ɗauka Wane ya yi, kaya na nan yadda suke da ƙurarsu. Ku goge, ku rubuta sunan mutum ɗaya.

"Ofishin lissafi" ma ba suna ba ne. Ofis ba ya ɗaukar biro. Wane ne a cikin ofishin? Shi za ku rubuta.

Suna biyu fa? Na san za ku tambaya, domin kowane aji sai an tambaya. Wani aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum uku za su iya shiga sito su yi ƙirga tare. Amma sunan da ke cikin gidan tsakiya na wanda za a tambaya ne idan rana ta zo. Masu taimaka masa, ku rubuta sunayensu da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin aikin, a gidan hagu. Manyan kamfanoni ma haka suke yi. Suna da jadawali da ke bambanta mai yin aiki, da wanda za a tambaya, da wanda za a nemi shawararsa, da wanda za a sanar da shi kawai, kuma ƙa'idar jadawalin ita ce wanda za a tambaya mutum ɗaya ne tak a kowane aiki.

Na fahimci abin da ke tsayar da hannunku. Kunya ce. Ana jin nauyin rubuta sunan wanda ya girme ka, kamar kana ba shi umarni. Wani kuma tsoro yake ji kada a sa sunansa abin ya lalace a ce shi ne. Maganin duka biyun guda ne: ba a rubuta sunan mutum a bayan idonsa. Mai rubutu ya karanta aikin da ƙarfi, ya ce, "Wa zai ɗauki wannan?" A yi shiru a jira. Idan wani ya ce "Na ɗauka," sai a tambaye shi, "Wace rana za ka gama?" Shi zai faɗi ranar da bakinsa. Sannan a rubuta. Wanda ya zaɓi aikinsa ya kuma yanka wa kansa rana ba ya jin an ɗora masa kaya.

Idan ba wanda ya ce "Na ɗauka," kada ku tsallake layin, kada kuma ku cike shi da "kowa" don a wuce wurin. Jagoran tawaga ya roƙi mutum ɗaya a gaban jama'a, ko a kai maganar ga shugaban da ya kafa ku.

Gidan RANA ma yana da nasa tuntuɓen. "Nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce. "Ƙarshen wata" ba rana ba ce, wane watan? "In an samu hali" ba rana ba ce. Ku ce in Allah ya yarda, wannan daidai ne, sannan ku rubuta lamba da sunan wata.

Gwaji. Ku kwafi waɗannan layuka a takarda ta biyu, ku gyara su:

Share sito. Kowa da kowa. Mako mai zuwa.
Nemo kwalaye. Wane da Wance. 8 ga Mayu.
Duba lissafi. Ofishin kuɗi. Da wuri.

Kun gama? Ku sa yatsa a kowane layi. Aiki ɗaya, suna ɗaya, rana ɗaya. Wanda ya samu biyu daidai cikin uku ya yi ƙoƙari, ya goge na ukun ya sake. Ba abin kunya ba ne, don haka muka fara da fensir.

Amma zan faɗa muku gaskiya. Akwai waɗanda za su ji duk wannan bayani, su gyaɗa kai, su kawo mini takarda da "mu duka" a gidan tsakiya. Haba jama'a! Wannan ba rashin iya rubutu ba ne, gudun nauyi ne. Ku manya ne, kuna riƙe da iyali, kun san abin da ake nufi da a ce abu yana wuyan mutum. Takardar da na ga "mu duka" a cikinta zan mayar wa mai ita ba tare da na karanta sauran ba.

Darasi na 4: Wa ke yanke shawara?

Ku juya bayan takardar. Ku rubuta YANKE SHAWARA. Hanyoyin da aka fi bi uku ne. Ko jagora ya saurari kowa sannan ya yanke. Ko a kaɗa ƙuri'a a bi masu rinjaye. Ko a yi ta tattaunawa har kowa ya amince, wadda ita ta fi cin lokaci. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta.

Idan kun zaɓi ƙuri'a kuma ku shida ne, za a iya yin uku da uku. Ku rubuta tun yanzu wanda zai raba gardama. Sunan mutum ɗaya, kamar yadda muka yi a darasi na 3. Kada in ga "manyanmu".

Ku ƙara layi ɗaya na abin da ya fi ƙarfin tawaga, kamar kashe kuɗi ko ɗaga ranar gamawa. Wannan sai shugaba.

Darasi na 5: Taro da saɓani

Ku rubuta ranar taro, da lokaci, da wuri, da tsawonsa. Misali: kowace Talata, ƙarfe 10 na safe, minti 30. Ku sa sunan wanda zai riƙa rubuta abin da aka zartar. Suna ɗaya.

Saɓani zai zo, kada ku firgita. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana a 1965 cewa tawaga kan bi matakai huɗu: haɗuwa, sai saɓani, sai daidaitawa, sannan aiki ya kankama. Tunda kun san yana tafe, ku rubuta ƙa'ida biyu ko uku tun ana shiri. Misali: "Ba a katse mai magana. Wanda ke da ƙorafi ya fara samun mutumin su biyu. Idan bai warware ba, a kai wa jagora."

Darasi na 6: Isar da saƙo

Ku rubuta hanya ɗaya da za ku riƙa sanar da juna, ko waya, ko WhatsApp, ko allon sanarwa. Wanda ya ga ba zai cika ranarsa ba ya faɗa kafin ranar ta zo.

Darasi na 7: Sa hannu

Mutum ɗaya ya karanta takardar da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe. A gyara abin gyarawa, a bi ta da biro. Kowa ya sa hannu a gaban sunansa, har da shugaba. A yi wa kowa kwafi.

Aikin gida: ku zaɓi wani aiki a wurin sana'arku, ku rubuta masa takardar yarjejeniya mai ƙananan ayyuka biyar. Kafin ku kawo, ku sa yatsa ku bi gidan SUNA da gidan RANA layi-layi.