Yadda ake lissafa GPA, da abin da maimaita kwas ke ƙara maka

Abin da ya fi damuna idan ɗalibi ya kawo mini takardar sakamakonsa shi ne in tarar ya san harafin da ya samu a kowane kwas, amma bai san yadda haruffan suka haɗu suka zama GPA ba, wato matsakaicin makinsa na zangon karatu. Lissafin kuwa bai wuce ninkawa da rabawa ba.

Kowane kwas yana da nauyinsa, wato yunit, kowane harafi kuma yana da makinsa. A ma'aunin maki biyar da jami'o'in Najeriya da yawa ke bi, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B ce mai 4, 50 zuwa 59 C ce mai 3, D tana da 2, E tana da 1, ƙasa da 40 kuwa F ce, babu ko ɗaya. A Amurka ma'aunin a 4 ya tsaya, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Sai ka ninka yunit ɗin kowane kwas da makin harafinsa, ka tara, ka raba da jimillar yunit. A ce ka samu A a kwas mai yunit 3, wato 15. C a wani mai yunit 3, wato 9. B a mai yunit 2, wato 8. Sannan ka faɗi mai yunit 4. Jimilla 32 a kan yunit 12, GPA ɗinka 2.67. Duba yadda kwas ɗaya mai nauyi ya janyo sauran ƙasa, alhali babu wanda ya gaza C a cikinsu.

CGPA, wato matsakaicin makinka tun daga farkon karatu, shi ma haka ake yinsa, a tara makin dukkan zangunan a raba da dukkan yunit ɗin. Kada ka haɗa GPA biyu ka raba biyu. Wanda ya samu 4.00 a kan yunit 15, sannan 2.00 a kan yunit 24, CGPA ɗinsa 2.77 ne, bai kai 3.00 ba.

To, maimaita kwas fa? Amfaninsa ya dogara ga dokar jami'arka, don haka ka buɗe kundin dokokin ɗalibai, ko ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, kafin ka ɗora rai a kan wani adadi. Wasu jami'o'in, musamman a Amurka, suna cire tsohon sakamako daga lissafi su sa sabon. Idan ka koma kwas ɗin nan mai yunit 4 ka ciwo B, makinka ya zama 48 a kan 12, wato 4.00. A wasu kuma F ɗin tana nan daram, ana ƙirga yunit ɗin sau biyu: 48 a kan 16, wato 3.00. B ɗaya ce, wahala ɗaya ce, amma tazarar maki guda cur. A Ingila jami'o'i da dama ba sa rubuta wa mai sake jarrabawa fiye da 40, komai ƙoƙarinsa. Akwai kuma inda ba a yarda ka maimaita kwas ɗin da ka riga ka ci ba, ko da E ka tsallake.

Shawarata, ka yi rajistar kwas ɗin da ka faɗi da zarar an sake koyar da shi, tun karatun bai gushe maka ba. Ka rage wasu kwasa-kwasan idan doka ta bari, don na sha ganin wanda ya cika yunit har iyaka yana son ya fanshe, ya ƙare da sabuwar faɗuwa. Ka shiga aji tare da ƙannenka ba tare da jin kunya ba, ka yi gwaji da aikin gida, tunda sukan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100, kuma yawanci na bara ba ya bin ka. Ka duba jadawalin jarrabawa da wuri, idan ta ci karo da wata ka sanar da sashenku a rubuce.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. Mai CGPA 3.30 bayan yunit 120, da yunit 30 suka rage masa, sai ya samu 4.30 a cikinsu kafin ya taɓa 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu babba ke farawa. Da tun yana da yunit 40 ya fara gyaran, 3.58 a sauran 110 ya ishe shi.