Yadda za ka zaɓi zanen jirgin igiya mai ƙananan injuna biyu

Jirgin igiya, wato ƙaramin samfurin jirgin sama da ake sarrafawa da igiyoyi daga ƙasa, in mai inji biyu ne ba a zaɓar zanensa don kyan gani. Abin da ake dubawa shi ne halin da zai shiga a 'yan daƙiƙun da inji ɗaya ya mutu ɗayan yana aiki, domin injuna biyu ba sa shanye mai a lokaci guda, ko da ranar ɗaya aka ƙera su.

Ga yadda abin yake. Kana tsaye a tsakiyar fili da mariƙi a hannu, igiyoyi biyu sun tafi zuwa fiffiken hagu, jirgin yana zagaya ka ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo. Injin hagu shi ne na ciki, na dama shi ne na waje. Idan na waje ya mutu, na ciki zai karkata hancin jirgin waje da da'ira, igiya ta ƙara tauri, ka sauko lafiya. Idan kuwa na ciki ya fara mutuwa, na waje zai juyo da hancin wajenka, igiya ta saki, mariƙin hannunka ya zama ba shi da amfani, jirgin kuma ya nufo ka ko ya daki ƙasa. Duk wani awo da za ka duba a zane, wannan matsalar yake magani.

Fara da injin da ke hannunka, kada ka fara da hoton jirgi. Da yawa daga masu wannan aiki suna amfani da injin Cox .049, wato mai girman sisi (cc) 0.8. A cikin nau'o'insa, Babe Bee da Black Widow suna zuwa da tanki a manne a bayansu, na farko sisi 5, na biyu sisi 8, kuma ana ɗaure su da sukurori huɗu a jikin filawud mai kaurin milimita 3. Tee Dee ya fi su ƙarfi, amma ba shi da tanki, sai ka yi masa wuri. Saboda haka duba mazaunin injin a zanen: wanda aka zana don inji mai kunnuwa a gefe ba zai karɓi Babe Bee ba sai an sake fasalin gabansa. Injunan biyu su kasance iri ɗaya, da farfela iri ɗaya, 6x3 ko 5x3 (lambar farko tsawon farfela ce a inci, ta biyu kuma karkatarta). In ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa ƙarfi, shi za ka sa a ciki.

Maganar mai ma ta shiga lissafi tun yanzu. Cox yana son man metanol da sinadarin naitiro kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, da man shafawa kusan kashi 20, mafi yawansa man zurma. Naitiro yana da wuyar samu a nan Sakkwato, shi ya sa wasu ke karkata ga ƙananan injunan PAW na Ingila, masu shan kananzir da sinadarin ita (ether) da man zurma ba tare da filogi ko batir ba. Sai dai sinadarin ita yana tafasa a digiri 35 kacal, zafin Sakkwato kuwa a watan Afrilu yana wuce 40. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya riƙa ajiye man a gwangwanin ƙarfe mai marfi gam, cikin kula mai ƙanƙara, in ba haka ba kafin hantsi ya zama ba ya tayar da inji.

Sai girman fiffike. Ga Cox .049 guda biyu, nemi fiffike mai tsawon santimita 80 zuwa 90 da faɗin 17 ko 18, jirgin duka kuma kada ya wuce giram 400 zuwa 450. Injunan da farfelunsu kaɗai sun cinye fiye da giram 100. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ɗaukar fiffike sosai kuma tana rage wa inji ƙarfi, don haka zanen da aka ce ya isa a ƙasar sanyi, a nan gara ka ɗauki mai faɗin fiffike da ƙarancin nauyi.

Yanzu ga inda ya kamata ka ɓata lokaci da rula a kan takardar: tazarar injuna daga tsakiyar jiki. Iya nisan inji daga tsakiya, iya ƙarfin da zai karkata jirgin in ya rage shi kaɗai. Farfela mai inci 6 tana da rabin faɗi na santimita 7.6, to tsakiyar inji ya zauna kamar santimita 9 daga tsakiyar jiki, yadda bakin farfela zai wuce jikin da kusan santimita ɗaya. Duk abin da ya haura haka da yawa, ƙarin wahala ne. Da wannan ma'auni, a cikin zanukan da aka kwaikwaya daga jiragen yaƙi na gaske, na F7F Tigercat shi ne zaɓin da ya fi dacewa da mai farawa: injunansa na kusa, jikinsa dogo, kuma jelarsa ta tsaye babba ce mai riƙe hanci a saiti. Mosquito ma injunansa na kusa, amma jelar tsayensa ƙarama ce, sai an ƙara mata girma. OV-10 Bronco yana da fiffike miƙaƙƙe mai faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya fi kowane sauƙin yanka. P-38 Lightning yana jan ido, ba shakka, amma sandunan nan biyu da ke ɗauke da jelarsa su ne ke fara karyewa a sauka mai tsanani, kuma in suka ɗan murɗe gyaran ba ƙaramin aiki ba ne. F-82 mai jiki biyu ka bar shi sai ka ƙware.

Kowanne ka ɗauka, ɗauki mai jiki falle, wato allo guda da aka yanka da siffar jirgin daga gefe. Ya fi sauƙin gini da gyara, ga rashin nauyi. Ka kuma guji zanen da ya bi awon jirgin gaske sak, domin jelar jirgin gaske in an rage ta takan yi wa ƙaramin jirgi kaɗan. Jelar kwance ta kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na girman fiffike.

Zane mai kyau zai nuna maka tanki biyu, kowane inji da nasa. Tanki ɗaya a tsakiya yana da ban sha'awa a takarda, tunda injunan za su mutu kusan tare, amma zagaye yana tura mai waje, sai injin waje ya sha ya ƙoshi na ciki ya yi ta yunwa, ƙaramin inji kuma ba ya iya zuƙo mai ta dogon tiyo. Da tanki biyu kai ke da iko: ka tayar da injin waje da farko, sannan na ciki, ka ƙara wa na ciki mai daf da saki. Tankin Babe Bee kusan minti biyu yake yi, saboda haka inji mai sifirin na tayarwa ya fi, don kada na farko ya shanye mansa kana fama da na biyu. A kula da wani abu: waɗannan injunan suna iya tashi a baibai, kuma a cikin ƙarar biyu kunne ba zai gane ba. Sa hannu a bayan kowace farfela ka ji iska tana bugun ka kafin a saki.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, in zanen bai nuna su ba ka ƙara da kanka. Wasa (ɗan zoben ƙarfe falle) ɗaya ko biyu a ƙarƙashin sukurorin hagu na injin waje zai karkata shi waje da digiri 2 zuwa 3. Dalma giram 10 zuwa 14 a bakin fiffiken dama tana biyan nauyin igiya. Jirgin ya daidaita a kan yatsu biyu a kusan kashi 20 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba, wayoyin da ke fita zuwa igiya kuma su fito ɗan bayan wannan wuri. Tsakiyar fiffike, daga inji zuwa inji, yana bukatar ƙarfafawa da siririn filawud, domin girgizar injuna biyu a nan take taruwa. Bayan gini, ɗaure igiya ka ja jirgin da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau goma, kilo 4 ga mai giram 400, ka ga ko majuyin da ke ciki, wanda wayoyin igiya ke ɗaure a jikinsa, zai motsa daga mazauninsa.

Balsa, katakon nan mara nauyi da ake gina irin waɗannan jirage da shi, sai an yi odarsa. In ya gagara, robar nan mai ramuka da ake allunan talla da ita tana yin fiffike da jela, ba ta jin mai kuma tana jure faɗuwa, amma ta fi nauyi, sai ka riƙa aunawa kana gini. Katako kuwa a shafe shi da gam ɗin ifoksi siriri, don naitiro yana cin fenti na gida.

Ƙafafu fa? A rairayi ƙananan tayoyi suna nutsewa, farfela ta ɗebi ƙasa ta watsa wa inji, man zurma kuma ya riƙe ƙurar ta cinye fistan. Zane mai fiffike a sama wanda mataimaki zai riƙe ta ƙasan jiki, bayan farfelu, ya jefa da hannu, ya fi dacewa da filayenmu. Lokacin hunturu a rufe injuna da leda tsakanin tashi da tashi, a kuma tashi da sassafe kafin iska ta taso.

Igiyar ƙarfe mai kaurin inci .012 da tsawon mita 13 zuwa 15 ta dace da wannan girma, wato kana bukatar fili fetal mai faɗin mita 35 zuwa 40, kamar filin ƙwallon makaranta in an ba ka izini. A nisanci filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, kuma kada a kuskura a tashi kusa da wayar lantarki, domin igiyar ƙarfe ce kuma ƙarshenta yana hannunka.