Yadda Ake Auna Musayar Kabon Tsakanin Ƙasar Tundura da Sararin Samaniya

Tundura ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan marar dogayen bishiyoyi da ta zagaye arewacin duniya, daga Alaska da Kanada zuwa Girinlan da Saberiya. Ƙarƙashinta ƙasa ce da ta daskare tun dubban shekaru. An kiyasta cewa yankin daskararriyar ƙasa na arewa gaba ɗaya yana riƙe da kabon tan biliyan 1,400 zuwa 1,600, kusan ninki biyu na wanda ke sararin samaniya. Mai awo yana son ya san ko wannan ƙasa tana ƙara ajiya ne, ko ta fara fitarwa.

Abu uku ake bi. Tsirrai suna zuƙar iskar CO2, wato iskar da ke ɗauke da kabon, idan akwai haske. Tsirran da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna fitar da ita ta numfashi dare da rana. Abin da ya rage bayan an cire ɗaya daga ɗaya shi ne ainihin musayar. A al'adar masu wannan aiki, lamba mai alamar ragi tana nufin ƙasa ta zuƙa, mai alamar ƙari tana nufin ta fitar. Ka rubuta wannan a saman littafinka tun ranar farko, domin juyewar alama ta sha ɓata lissafin mutane.

Mataki na farko: zaɓen wuri

Tundura ba iri ɗaya ba ce ko da a cikin taku goma. Ga tudu busasshe mai gajerun itatuwa, ga kwari mai ruwa da ciyawar fadama, ga gansakuka a tsakani. Kwarin yana fitar da iskar metan, wata iska mai ɗauke da kabon ita ma, tudun kuwa wani lokaci zuƙar ta yake yi. Ka zagaya filin, ka rarraba shi gida-gida bisa tsiro da danshi, ka ware aƙalla wuri biyar a kowane gida.

Kafin ka auna komai, ka shimfiɗa gadar katako zuwa kowane wuri. Nauyin ƙafar mutum a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana matso kumfar metan daga ƙasa, sai na'ura ta nuna tashin da ba na gaskiya ba. Yawan takawa kuma yana kashe gansakukar da ke kare ƙanƙarar ƙasa daga zafin rana, wurin ya fara narkewa saboda kai.

Mataki na biyu: awo da akwati

Wannan ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Za ka buƙaci firam na almini ko roba mai tauri, akwati mai garai-garai wanda haske ke ratsawa, ƙaramar fanka a cikinsa, na'urar tantance CO2 mai aiki da hasken infared, ma'aunin haske, ma'aunin zafi da na nauyin iska, da baƙin mayafi wanda haske ba ya ratsawa.

Ka kafa firam ɗin cikin ƙasa zurfin santimita 5 zuwa 10, ka yanka gefen da wuƙa a hankali. Kada ka auna a ranar. Jijiyoyin da aka yanka da ƙasar da aka motsa suna fitar da CO2 fiye da ƙima, don haka a bar wurin ya huta kwanaki, in da hali ma a kafa tun shekarar da ta gabata. Firam mai kwararo a samansa ya fi, domin kana zuba ruwa a kwararon, bakin akwatin ya zauna ciki, iska ta rasa hanyar fita.

Ka ɗaga akwatin sama iska ta wanke shi, ka kawar da fuskarka, domin numfashin mutum yana ɗauke da CO2 ninki kusan ɗari na iskar waje. Ka kifa shi a hankali. Ka yi watsi da daƙiƙa 10 zuwa 20 na farko, sannan ka ɗauki karatu kowace daƙiƙa na tsawon minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada ka wuce haka da rana: cikin akwatin yana ɗumama, raɓa ta kama bangonsa ta rage haske, CO2 ta ragu har tsirran su sassauta zuƙa. Daga nan ka buɗe, ka wanke shi da iska, ka mayar, ka rufe da baƙin mayafin. Karatun farko ainihin musaya ne, na biyu numfashi ne zalla, bambancinsu shi ne abin da tsirrai suka zuƙa. In ka ƙara da raga mai rage haske kashi-kashi, za ka samu yadda zuƙar ke sauyawa da ƙarfin rana.

Ga lissafin da misali. A ce akwatin yana da faɗin santimita 60, tsawo 60, tsayi 30 daga fuskar ƙasa. Girman cikinsa a raba da faɗin ƙasar da ya rufe ya ba da mita 0.3. Nauyin iska faskal 101,325 ne, zafi digiri 10, wato kelbin 283. Ka raba nauyin iskar da 8.314 (tsayayyar lambar lissafin iska) sau 283, za ka samu mol 43 na iska a kowace kubik mita; mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin iska. Sau 0.3 ya zama 12.9. Idan CO2 tana raguwa da ppm 0.2 a daƙiƙa (ppm kashi ɗaya ne cikin miliyan), ka ninka da 12.9, musayar ita ce ragi 2.6 maikromol (kashi ɗaya cikin miliyan na mol) a kowace murabba'in mita a daƙiƙa. Idan cikin duhu ta ƙaru da 0.15, numfashi 1.9 ne, zuƙar tsirrai kuma 4.5. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tsayin. Ƙasar tundura tana da tudu da rami, saboda haka ka auna tazara daga bakin firam zuwa ƙasa a wurare da dama, ka ɗauki matsakaici.

Mataki na uku: awo da hasumiya

Akwati yana ganin ɗan wuri na ɗan lokaci. Hasumiya tana ganin fili mai faɗi ba dare ba rana, da dabarar da ake kira edi kobariyans. Iska tana birgima a kan ƙasa, wani dunƙule na hawa wani na sauka. In mai hawan ya fi mai saukar yawan CO2, ƙasa tana fitarwa ke nan.

A kan tundura tsayin mita 2 zuwa 3 ya isa. A sama ake ɗaura na'urar auna motsin iska da sauti, kusa da ita na'urar tantance iska irin LI-7500 ko LI-7200, da LI-7700 in ana son metan. Su riƙa ɗaukar karatu sau 10 ko 20 a daƙiƙa, a dunƙule sakamakon kowane minti 30 da manhaja irin EddyPro. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowace mita ɗaya ta tsayi tana son fili iri ɗaya na kusan mita 100 ta inda iska ke zuwa. Ka fuskantar da na'urorin can, janareto kuwa ka kai shi nesa ta bayan iska, kada hayaƙinsa ya shiga lissafi.

Ƙafafun hasumiya suna karkacewa yayin da saman ƙasa ke narkewa, sai a riƙa duba daidaitonta. Na'urar tantance iska mai buɗaɗɗen baki, wadda iska ke ratsawa kai tsaye, tana buƙatar gyaran lissafi na Webb da Pearman da Leuning na 1980 saboda sauyin kaurin iska. A tsananin sanyi kuma jikinta yana ɗumama iskar da take aunawa, har ta nuna wai ƙasa na zuƙar CO2 a tsakiyar hunturu, lokacin da ba ganye ko ɗaya. Duk wanda ya ga haka ya zargi na'ura tukuna. A daidaita ta da iskar naitirojin zalla da kuma iskar kwalba mai sanannen adadin CO2. Karatun lokacin da iska ta kwanta a zubar da shi, a cike giɓin da lissafi daga haske da zafi. Kuma tunda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazarar can, babu daren da za a ware numfashi da shi, a nan ne akwati mai mayafi yake cike gurbi.

Duk ranar awo ka soka sandar ƙarfe har ta bugi ƙanƙara ka rubuta zurfin narkewa, tare da zafin ƙasa da matakin ruwa.

Mataki na huɗu: kada ka tattara kaya da ƙarewar bazara

Nan ne aiki da yawa ya gaza. Lokacin tsiro wata biyu ne zuwa uku, kuma a cikinsa tundura kan nuna tana zuƙa. Da kaka saman ƙasa yana daskarewa, amma tsakiyarta tana tsayawa daf da digiri sifili na makonni ko watanni, ƙwayoyin halitta na ci gaba da numfashi. Fitar kaɗan ce, amma maikromol ɗaya a daƙiƙa ya kai kusan giram ɗaya na kabon a murabba'in mita a yini, hunturun kuma wata takwas ne ko tara. Rahoton NOAA, hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka, na 2024 kan yankin ya nuna cewa, idan aka haɗa da gobarar daji, tundura ta koma mai fitar da CO2 fiye da yadda take zuƙa.

Don haka a tanadi wutar da ba ta dogara da rana kaɗai ba, da abin ɗumama na'urar sauti don kada ƙanƙara ta toshe ta. In da akwati za ka auna, kada ka haƙe dusar ƙanƙara ka kifa shi nan take, domin iskar da ta taru a ƙarƙashi za ta fito gaba ɗaya. Gara ka binne siraran bututu a zurfi daban-daban cikin dusar tun farkon zubarta, ka riƙa zuƙo iska kaɗan-kaɗan, ka auna yadda dusar ta cure a kowane mataki, sannan ka lissafa fitar daga bambancin CO2 tsakanin ƙasa da sama.